Bam mai ƴaƴa: wai shi Barashe Bature ne?

Ɗan Mokoyo: Jiya ban runtsa ba. Na ga hoton wani yaro ɗan ƙasar Laos babu hannu. Daga 1964 zuwa 1973 Amurka ta zuba masu ƴaƴan bam, wato ƙananan bama-baman da babban bam ke watsawa, wajen miliyan 270, kusan kashi ɗaya cikin uku ba su tashi ba. Har yau manomi na noma hauya ta taɓa, yaro ya tsinta ya zaci ƙwallo ce. Turawa ba su da imani wallahi. Na san ba mai tanka mani, da hoton kilishi na saka da kun cika nan.

Ali Tasha: Waɗanne Turawa? Ka ce Faransa kai tsaye mana, mi kake tsoro?

Mushe Issa: Ali, Faransa ta sa hannu a yarjejeniyar Oslo ta 2008 da ta haramta bam mai ƴaƴa, ta kuma lalata nata. Amurka da Rasha da Sin da Isra'ila na cikin waɗanda suka ƙi shiga. Rasha ta harba shi a Yukiren, Amurka kuma ta tura wa Yukiren nata a 2023.

Ali Tasha: Barashe ai ba Bature ba ne, Mushe.

Hajiya ta Zariya: To mi ne ne shi, ɗana? Bagobiri?

Ɗan Tibiri: Hajiya, a bar Gobirawa su sha fura lafiya.

Ali Tasha: Bature shi ne wanda ya yi mana mulkin mallaka. Mushe dama tun a lakkwal Faransa ta gama da kansa.

Ɗan Mokoyo: Jama'a, maganar yara nake yi fa. Kudancin Labanan ma a 2006...

Sani Jibiya: Mu dai Najeriya mun shiga yarjejeniyar.

Mushe Issa: A 2023. Nijar tun 2009.

Ali Tasha: Ku da kuka yanke mana wuta muna tsakar zafi, har kuna da bakin magana?

Sani Jibiya: Ni na yanke? Mu ma nan a duhu muke kwana.

Admin Lawali: Ya isa haka. Abin da aka tsayar: Amurka ce mai laifi, kuma Barashe ba Bature ba ne, kamar yadda yayana Ali ya kawo hujja. Abin da Mushe ya faɗa game da Faransa ra'ayinsa ne. Sani, ka sake ambato Najeriya in fitar da kai.