Dan Allah ya zan yi da faswod din Mma?

Dan_Aboabo:
Salamu alaikum jama'a. Mma tana saida atamfa a kasuwar Kejetia dake Kumasi, yanzu rabin cinikinta a WhatsApp ne da momo (tura kudi ta waya), kwastoma su ga hoto su turo kudi. To matsalar komai nata lamba daya ce, shekarar haihuwar autanmu, da ita take bude waya da ita take momo, Facebook din da jikoki suka bude mata ma ita ce aka kara sunanta a gaba. Na ce mu canza tace ita bazata iya rike abu mai wuya ba. Satin nan aka kwace WhatsApp din makociyarta ana ta rokon mutane kudi da sunanta, wlh hankalina bai kwanta ba. Ya kuke yi da naku iyayen?

UmmuHanan:
Wa alaikumus salam dan uwa, Allah ya saka da kula da mahaifiya. Ba sai abu mai wuya ba, tsawo ake so. Ka bar ta ta zabi kalmomi hudu da basu da alaka da juna, daya Hausa daya Twi, irin kwando da nsuo da rakumi da talata, a hada a sa lamba a tsakiya, wannan ya fi gajere mai alamomi barkatai karfi nesa ba kusa ba saboda kwamfutar barayi gwadawa take daya bayan daya, duk harafin da ka kara aikin ninkuwa yake. Amma banda sunan yara, banda shekarar haihuwa, banda lambar waya, su ake fara gwadawa tare da 123456. Kuma imel dinta ya samu nashi daban, don wanda ya shiga imel zai iya canza sauran duka.

Baban Sadiq:
Ni dai ina ganin makociyar nan ba faswod aka fasa mata ba. Yan sakawa, wato yan damfarar intanet, kira suke, suce an sa ki a wani guruf na addu'a ko tallafi, karanto mana lamba shida da ta shigo miki yanzu, alhali lambar shiga WhatsApp dinta ce, tana karantawa shikenan. Ka shiga setin din WhatsApp ka kunna mata tabbatarwa mai mataki biyu, zai nemi fin lamba shida na kanta, ka sa imel kuma. Fin din momo lamba hudu ne kawai, kar ya zama daya da na bude waya, kuma ka fada mata ka maimaita, kamfanin waya baya kira ya tambayi fin, ko mai kiran yace kudi ya turo bisa kuskure ta kashe ta duba balans da kanta a *170#.

Dan_Aboabo:
Nagode Baba. To in rubuta mata a takarda? naji ana cewa haramun ne a wajen masana

UmmuHanan:
Rubuta mata. Barawon intanet baya ganin cikin adakarta. Karamin littafi a gida, ba a shago ba, ba kuma a bayan kwabar waya ba inda duk yaron da ya karbi wayar yayi caji zai gani. Fin din momo dai ta haddace shi.

Baban Sadiq:
Makociyar kuma su kira 292, layin hukumar tsaron intanet ta Ghana ne, su sanar da mutanenta ta kira ba ta tes ba kafin wani ya sake tura kudi.