Neman kalma: me za mu kira abin nan da ke rina ruwan teku?

Malamar Samaru: Salamu alaikum jama'a, dan Allah a taimaka min, ranar Alhamis zan shiga shirin kimiyya a rediyo kuma har yanzu kalma ɗaya ta tsaya min a wuya, abin da Turawa ke kira CDOM. Ragowar abubuwa masu rai ne da suka narke a ruwan teku, ko an tace ruwan da matatar da hujinta bai kai maikiromita 1 ba (kashi ɗaya cikin dubu na milimita) sai sun wuce. Suna shanye hasken UV (wani haske da ido ba ya gani) da shuɗi shi ya sa ruwan ke yin rawaya-rawaya, in aka haska musu UV kuma wasunsu su fitar da nasu hasken. Inda oksijin ya yi ƙasa sosai, irin Tekun Larabawa da gaɓar Peru, wajen zurfin mita 200 zuwa 1000, hasken nan yakan ƙaru, saboda bakteriya na cin abin da ya nutso daga sama suna cinye oksijin ɗin suna barin wannan saura.

Ɗan Tudun Wada: Wa alaikumus salam Malama. Dauɗar teku mana.

Malamar Samaru: A'a ƙanena, in na ce dauɗa mai sauraro zai ɗauka shara aka zuba. Kuma ba laka ba ce irin ta kogin Galma da damina, laka in ka ajiye ruwan za ta kwanta, wannan ba ya kwanciya, kamar shayi ne bayan an tace ganyen.

Hajiya ta Sabon Gari: Toh ai kin faɗa da bakinki ƴata, jiƙo kenan. A jiƙa sassaƙe a tace, launi ya zauna a ruwa. Jiƙon teku.

Baban Kongo: Jiƙo magani ne Hajiya, sai a ɗauka sha ake yi. Ni na daɗe ina cewa RINAU, daga rini, kamar yadda muke da ɗaukau da tunau. Jamusawa ma Gelbstoff suka ce, wato abu rawaya, launin suka duba. Rinau gajere ne kuma namu ne tsantsa.

Ɗan Tudun Wada: Baba wlh ni rinau kamar sunan marini yake min.

Baban Kongo: Kunnenka ne bai saba ba yaro. Kuma Malama ki bar cewa oksijin da bakteriya a rediyo, muna da iskar shaƙa muna da ƙwayar cuta. A nan Zariya aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, bai kamata a ce mu ne ke aron kalma ba.

Malamar Samaru: Allah ya ƙara girma Baba, amma waɗannan ba cuta suke sa wa ba, aikinsu ruɓar da abin da ya mutu, in na ce ƙwayar cuta na faɗi ba daidai ba.

Bakanon Danmagaji: Ku yi haƙuri, daidaitacciyar Hausa dai a kan Kananci aka gina ta, kuma a Kano ban taɓa jin wanda ya ce rinau ba.

Baban Kongo: Waɗanda suka zauna suka daidaita rubutun a ina suka zauna in ba Zariya ba?

Hajiya ta Sabon Gari: Haba bayin Allah, yarinya na da aiki jibi kun koma Kano da Zazzau. Ƴata shi hasken da yake fitarwa fa, ƙyalli za ki ce?

Malamar Samaru: Na so ƙyalli Hajiya, sai dai madubi ma yana ƙyalli kuma shi hasken da ya karɓa yake mayarwa yadda yake. Wannan shanye wani yake yi ya fitar da wani daban, kamar ruwan kwinin da ke yin shuɗi a ƙarƙashin fitilar UV, da shi ma ake gwada awon. Zan ce shanye haske da fitar da wani, ko da ya yi tsawo. Jiƙon teku kuma na ɗauka, zan bayyana shi da misalin shayi.

Baban Kongo: Shikenan tunda kin zaɓa, amma ki ambaci rinau ko sau ɗaya ki ji abin da masu bugo waya za su ce. Su wuraren ƙarancin iskar fa, shaƙaƙƙen ruwa?

Malamar Samaru: Wannan ban yanke ba tukuna Baba, minti 15 kawai aka ba ni.