Mmap yana gudu a NVMe amma yana jan ƙafa a HDD, ina mafita?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka min da shawara. Na rubuta wata 'yar manhaja da take buɗe fayil mai 40GB da mmap (hanyar da take sa manhaja ta ga fayil kamar yana cikin RAM) tana tsinto bayanai nan da can, ba a jere ba, a kwamfutata mai NVMe (ma'ajiyar bayanai mai sauri) komai lafiya lau, amma da na kai ta kan tsohuwar saba mai HDD (faifai mai juyawa) wallahi sai ta kwana bata gama ba. RAM ɗin sabar 16GB ne. Mmap ɗin ne matsala, in koma karanta fayil ɗin da read() kawai?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa ba laifin mmap bane, faifan ne. Duk sanda ka taɓa shafin fayil ɗin da baya cikin RAM dole manhajarka ta tsaya cak har Linux ya je ya ɗauko shi, shafi ɗaya 4KB, to a HDD mai juyi 7200 a minti sai allurar da take karanta faifan ta matsa ta jira faifai ya zagayo, kusan milisakan 10 kenan, wato karatu ɗari ko sama kaɗan a sakan ɗaya. NVMe kuwa babu abin da yake juyawa, dubbai yake yi a sakan. Ko ka koma read() jiran nan yana nan.

Wata 'yar uwa: Malam ka tabbata gwajin kwamfutarka na gaskiya ne? In ka maimaita gwaji, wani ɓangaren fayil ɗin yana zaune a RAM tun na farko. Ka rubuta 3 cikin /proc/sys/vm/drop_caches don Linux ya zubar da abin da ya ajiye na fayil ɗin a RAM, sannan ka sake aunawa.

Mai tambaya: Kai, ban yi haka ba gaskiya.

Dattijo: Yaro gwada madvise da MADV_RANDOM, wato ka gaya wa Linux karatunka ba a jere yake ba, don Linux yana ɗebo maka har 128KB kusa da inda ka taɓa, kai kuma baka buƙata, sai ya cika RAM ɗin da dama bai kai rabin fayil ba. Amma abin da yafi min aiki shine ka tara wuraren da zaka karanta ka jera su daga ƙarami zuwa babba kafin ka fara, allura ta tafi gaba ɗaya bata kai da komowa. Kuma kar ka yi mmap a fayil ɗin da yake kan NFS (ma'ajiyar da ake kai wa ta hanyar sadarwa) ko filas, in aka samu kuskuren karatu siginar SIGBUS da Linux yake aikowa ce zata kashe maka manhaja.

Mai tambaya: Na gode Baba, jerawar zan fara gwadawa yau da daddare in sha Allah, zan dawo da lambobin.