Lemun cittana yana kumbura bido, me zan koma yi?

Maman Hadiza:
Salamu alaikum 'yan uwa. Na rasa inda zan sa kaina. Tun da maigidana ya tafi Agadas neman kuɗi, da lemun citta da zoɓo nake riƙe gida, nan unguwar Garin Malam a Damagaram. Firigon da nake sakawa, wato firiji, na kishiyar mamata ne, to an samu 'yar magana a bikin ƙanena, washegari ta aiko yara suka ɗauke shi. Yanzu da dare nake haɗawa, kafin azahar bidon, wato jarkar da nake zubawa, ya kumbura tam, in na buɗe sai ya yi tsiii, kumfa na tasowa. Jiya wani ɗan kabu-kabu ya kurɓa ya ce warin burkutu yake ji. Wallahi ban runtsa ba. Wane abin sha ne zai jure zafin nan?

Hajiya Rabi:
Ƙanwata, abin a fili yake. Ruwan sukari a zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, ƙwayoyin yis ne ke cin sukarin, su fitar da iska da barasa. Hanyar da tsiron dawa ke bi ya zama burkutu ke nan. Bar citta, koma kindirmo. Shi zafin yake so, tsakanin digiri 40 da 45, awa 6 ya kama.

Zali:
Hajiya, ya kama, sannan fa? Kafin la'asar ya tsinke, tsami kamar tsamiya. Ga madara ta yi tsada. Ni bara wadda muka haɗa jari da ita ta cinye min jaka 15, har yau in mun gamu a kasuwar Dole sai ta kau da kai.

Malam Isufu:
Baiwar Allah, sa ƙaramar randa cikin babba, ki cika tsakaninsu da yashi, ki jiƙa, ki rufe da jiƙaƙƙen buhu. Iskar rani busasshiya ce, tana sanyaya shi sosai. Da damina ne ba ya aiki kamar haka.

Maman Hadiza:
Malam, ruwan jiƙa yashi safe da yamma a Damagaram? Na sha ma wajen 'yan ga-ruwa nake saye.

Hajiya Rabi:
Randa ba ta hana yis, jinkirta shi kawai take. Kuma bidonki ne matsalar, ɗan tsatsan jiya shi ke tayar da na yau. Tafasasshen ruwa za ki zuba masa, ki tafasa lemun, sukari kuma sai za a sha. Shekara 20 ina wannan sana'a.

Maman Hadiza:
Hajiya ni ba ƙazama ba ce, da sabulu nake wankewa kullum. Kuma masu saye ba za su tsaya jiran in dama sukari ba. Yanzu kuɗin jiya, halal ne?

Zali:
Wannan sai malamai, yaya.

Maman Hadiza:
To. Na ma riga na sayo cittar gobe, tana jiƙe. Ba mai firigon haya a kusa da Garin Malam?