PS4 ko PS5 mai araha a Zariya: ina ake samu, kuma me ake dubawa kafin a biya?

Sadiƙ_Samaru

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman na'urar gem ta gida, abin da ke hannuna naira dubu 300 ne, kuma ina so a ciki har da hannu biyu, wato abin da ake riƙewa a buga gem. Ƙwallo za a fi bugawa, sai gem ɗin faɗa da na mota jefi-jefi. Ina ganin masu tallar PS4 a Facebook da Jiji suna cewa an loda gem goma ko sha biyar a ciki, farashinsu kuma ƙasa da na shago. In sayi irin wannan, ko in daure in tara kuɗin PS5? Kuma me ake dubawa kafin a miƙa kuɗi?

Injiniya_TudunWada

Wa alaikumus salam Malam Sadiƙ. Kuɗin nan ba zai kai PS5 ba ko da ta hannu ce, kuma don ƙwallo ba ka buƙatarta, gem ɗin ƙwallo na FC 25 ma ya fito a PS4. Abin da za ka rasa shi ne sababbin gem irin su Tekken 8 da Mortal Kombat 1, amma akwai Tekken 7 da Mortal Kombat 11.

PS4 kala uku ce. Ta farko mai kauri ta 2013, sai Slim da Pro na 2016. Slim za ka nema. Ta fi sauran ƙarancin cin wuta, ba ta cika zafi ba, kuma kayan gyaranta sun fi samuwa. Pro ba ta da wani amfani mai yawa gare ka in talabijin ɗinka ba 4K ba ce, ga ta da ƙarar fanka. Duba takardar da ke manne a jikin na'urar, za ka ga lamba mai farawa da CUH. In ta fara da 1, mai kauri ce, 2 Slim, 7 Pro. Harafin ƙarshe A na nufin 500GB, B kuma 1TB. Da wannan kaɗai za ka gane mai son ɗora maka 500GB a kuɗin 1TB.

Kada ka biya sai an kunna ta a gabanka, aƙalla minti talatin, da gem mai nauyi a kai. Na'ura mai ciwon zafi lafiya ƙalau take a minti biyar na farko. Daga baya ne fanka za ta fara ihu, ko gargaɗin zafi ya fito, ko ta mutu da kanta. Dalili ƙura ce ta toshe hanyar iska, ko man rage zafi da ke kan ƙwaƙwalwarta ya bushe. Da ƙurar hunturu irin ta Zariya wannan ruwan dare ne, kuma gyaransa ba tsada, saboda haka ba lallai ka fasa ba, sai dai ka rage kuɗin gyaran daga farashi. Wadda za ka gudu gaba ɗaya ita ce mai kunna shuɗiyar fitila tana ƙyaftawa ba hoto, ko wadda aka taɓa gasa allon cikinta da iska mai zafi don ta tashi. Irin wannan takan yi sati kaɗan ta koma. Dubi baya: in an ɓare tambarin da ke rufe sukurori ko kawunansu sun cinye, an buɗe ta, ka tambayi abin da aka yi mata.

Haska tocilar waya cikin ramin HDMI, inda wayar talabijin ke shiga, ka tabbata ba ƙarfen da ya lanƙwashe, sannan ka jona wayar ka ɗan motsa ta yayin da hoto ke kan talabijin. In hoton ya ɗauke, ramin ya kusa tafiya, kuma canza shi aikin walda ne. Ka je da faifanka, ka ga ta ja, ta karanta, ta fitar. Masu sayar da wadda aka loda wa gem da yawa ba sa ambaton cewa wurin faifan ya mutu.

Hannu kuwa, jabu ya fi na asali yawa a kasuwa. Na asali nau'i na biyu lambarsa CUH-ZCT2, amma jabu ma suna buga lambar, don haka gwaji ne kaɗai hujja. Shiga wasa ka saki sandunan biyu, in ɗan wasa na tafiya shi kaɗai, sandar ta lalace. Gwada maɓallan L2 da R2, da allon taɓawa na tsakiya, da ramin abin sauraro. Tsohon hannu na asali ya fi sabon jabu a kwali.

Ummi_Kongo

Injiniya ya gama da ƙarfe, bari in taɓa maganar "an loda gem", domin nan ne ake cin kuɗin mutane.

Lodin nan iri biyu ne. Na farko, an fasa tsaron na'urar ne aka zuba gem ɗin da ba a saya ba. Irin wannan tana zaune a kan tsohuwar manhaja kamar 9.00 ko 11.00, ba ta shiga PSN, wato dandalin intanet na PlayStation, ba wasa da mutane ta intanet, kuma ranar da wani yaro ya danna sabuntawa duk gem ɗin sun daina buɗewa. Na biyu, mai shago ya sa akawun ɗinsa a na'urarka ya mai da ita babbar na'urar akawun ɗin, abin da allon ke kira Primary PS4. Gem ɗin nasa ne, ba naka ba. Duk ranar da ya cire na'urarka ya ba wani, sai ka ga ɗan kwaɗo a kan kowane gem. Saboda haka idan kana ciniki, ka taya na'urar a matsayin wadda ba komai a cikinta. Gem ɗin ba kaya ba ne da za a ƙara maka kuɗi a kansu.

Sannan ka haɗa ta da intanet ɗin wayarka ka shiga PSN da akawun ɗinka a wurin. Akwai na'urorin da Sony ta toshe, su kuma ba mai gyaran da zai buɗe su.

Arahar gem ta gaskiya tana faifai. Faifan PS4 ba ruwansa da ƙasar da aka sayo shi, yana aiki a kowace na'ura, kuma in ka gama za ka sayar ko ka yi musaya da ciko. Sabon FC yana fitowa ƙarshen Satumba ne kowace shekara, to a watannin Oktoba da Nuwamba masu na bara suke zubar da nasu. Kuma eFootball, wani gem ɗin ƙwallon, kyauta ne tun 2021, ba ya ma buƙatar PS Plus, rajistar Sony da ake biya wa kuɗi, don wasa ta intanet, data kawai zai ci.

In za ka sayi gem daga PlayStation Store, ka sani babu Najeriya a jerin ƙasashensa, yawanci Amurka ko Ingila ake zaɓa, kuma ba a canza ƙasa bayan an buɗe akawun. Katin cika kuɗin PlayStation na Amurka ba ya shiga akawun ɗin Ingila. Ƙarin kayan gem kuma sai yankinsu ya dace da na faifanka, in ba haka ba ka biya a banza. Kada ka sayi gem a cikakken farashi: ragin Black Friday na zuwa ƙarshen Nuwamba, na ƙarshen shekara a Disamba, Days of Play kuma wajen ƙarshen Mayu zuwa Yuni.

Wurin saye, ka taya aƙalla wuri uku a PZ da Sabon Gari kafin ka yarda da farashin intanet, don farashin na bin dala, na watan jiya ba shi ne na yau ba. Lokacin da ɗaliban ABU ke gama zango suna kwashe kaya a Samaru da Kongo akan samu ta hannu da sauƙi. Wanda ya ce yana Legas ka turo kafin alƙalami ya sa a mota, bar shi.

Bash_Kwangila

Ni ina ganin a sa Xbox Series S a lissafi. Ta 2020 ce, tsararta ɗaya da PS5, tana buga sababbin gem ɗin da PS4 ba ta samu, kuma ta hannu ba ta kai kuɗin PS5 ba ko kusa. Game Pass Ultimate, rajistar gem ta wata-wata a Xbox, yana haɗe da EA Play na kamfanin da ke yin FC, FC na shiga ciki bayan wasu watanni da fitowarsa.

Ummi_Kongo

Malam Bash, na'ura ce mai kyau, amma ba ta da wurin faifai sam. Kowane gem sai an sauke, manya kuma sukan wuce 50GB, a kan ma'ajiyar 512GB da ba duka ake amfani da ita ba. Ga kuɗin wata-wata na Game Pass da ake biya da kuɗin ƙasar waje. Mai Wi-Fi mara iyaka ta yi masa. Mai sayen data a waya, abin da ya rage a saye zai biya shi cikin 'yan watanni. Kuma a nan faifan PS4 da hannunta sun fi samun mai musaya.

Sadiƙ_Samaru

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Saura tambaya ɗaya: wuta. In daga Amurka aka kawo ta, sai na sayi abin rage ƙarfin wuta? Kuma inji ƙarami zai ɗauke ta?

Injiniya_TudunWada

PS4 da PS5 da Series S duk suna karɓar wutarmu ta 230 ba tare da komai ba, kan fulogi kawai za ka canza. Waɗanda ke ƙonewa su ne Xbox 360 da Xbox One ta farko, masu akwatin wuta a waje, in na Amurka ne mai 110.

Slim iyakarta wat 165 a rubuce, a wasa ma ba ta kaiwa nan, don haka ƙaramin inji zai ɗauke ta da talabijin. Matsalar ba nauyi ba ce, hawa da saukar wuta ne da ɗaukewa bagatatan. Ware kuɗin sitabilaiza daga cikin dubu 300 ɗin, UPS mai ajiye wuta a batir in da hali, ko mai ba ka minti biyar ka kashe ta da kyau. Ɗaukewar wuta na'urar tana cikin adana bayanai ita ke lalata ma'ajiya, sai gem ya riƙa fita da kansa da saƙon CE-34878-0. In haka ta fara, kashe ta, riƙe maɓallin kunnawa har ƙara ta biyu, haɗa hannu da na'urar ta wayar USB, ka zaɓi Rebuild Database. Ba ya goge gem. In bai tsaya ba, ma'ajiyar ce, irin ta laftof ce mai inci 2.5, kowane mai gyaran kwamfuta yana da ita. Kada ka bar ta a yanayin barci mai fitilar ruwan lemo in za ka fita, kuma kada ka rufe ta cikin kabad tana aiki.

Ranar saye ka sa mai ita ya cire akawun ɗinsa a gabanka, a yi Initialize PS4 mai goge duk abin da ke ciki, ya rubuta maka rasit da lambar jikin na'urar da kwanakin gwaji, ko da sati ɗaya ne.