Mun rabu da ogana ba daɗi, yanzu kuma ana neman lambarsa

Baban Sadiƙ: Assalamu alaikum 'yan'uwa, don Allah ina neman shawara. Shekara 3 na yi ina riƙe lissafi a wani shagon kayan gini a nan Kano. Albashina na wata biyu ya maƙale, na yi magana a gaban yaran shago, maigidan ya ce na ci masa fuska, muka rabu baram-baram. Yanzu wata ƙungiyar agaji a Maiduguri ta kira ni intabiyu ranar Talata ta Zoom. Sun ce in turo mutum 3 da za su ba da shaida a kaina, ɗaya dole ya zama ogana na ƙarshe. Ina da malamina na jami'a da shugaban makarantar da na yi bautar ƙasa. Na ukun ne ya hana ni barci.

Ɗan Fagge: Wannan ai ba abin damuwa ba ne. Ka sa lambar wani abokinka, in sun kira ya ce shi ne manaja. Shi ke nan.

Maman Ilham: Ɗan Fagge, ji tsoron Allah, kar ka kai shi ka baro. Ni a sashen ɗaukar ma'aikata nake. Ba kira kaɗai muke yi ba, fom muke turawa ta imel: yaushe ya fara, yaushe ya bari, mene ne aikinsa, ya yake da amanar kuɗi, sannan in aka ba ku dama za ku sake ɗaukarsa? Mun taɓa kiran wani “manaja” ya kasa faɗin titin da shagonsa yake, ga kuma kukan yara a bayansa. Nan take muka ture takardun gefe. Baban Sadiƙ, ba wanda yake sama da kai a shagon ban da maigidan? In akwai manaja da kake miƙa wa lissafi, shi ma oganka ne. Amma ka kira shi tukuna, ka tura masa CV ɗinka da bayanin aikin. Kar ka sa sunan kowa bai sani ba.

Malam Na-Zariya: Ni dai na ce ka samu dattijon da maigidan yake jin nauyinsa, ku je ku gaishe shi. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Kuma ka fayyace masa shaida kawai ake so, ba garanto ba. Mutanenmu da sun ji fom sai su zaci za a kama su in kuɗi ya ɓata.

Maman Ilham: Af, na manta. Za su tambaye ka dalilin barin aiki. Ka ce an samu jinkirin albashi, ka miƙa littattafai cif-cif ka tafi. Kar ka ƙara ko kalma a kansa. Ka miƙa ɗin dai ko?

Baban Sadiƙ: Na miƙa, Hajiya, har manajan ya sa hannu, takardar tana wajena. Yanzu muka gama waya da shi, ya ce in sa sunansa. Maigidan kuma kawuna ya ce mu je bayan sallar Juma'a. Maganar wata biyun nan fa, in tayar ko in yi shiru?

Malam Na-Zariya: Bar wa kawu wannan. Kai gaisuwa ta kai ka.