Iyakar sayen maganin mura a Amurka: shawarwarin da aka tattara

An tattauna yadda mutum zai sayi maganin mura a Amurka ba tare da ya wuce iyakar da doka ta sa ba, kuma waɗanda suka tattauna batun sun yi ittifaƙi cewa matakin farko shi ne mutum ya san dokar. Tun shekarar 2006 dokar tarayyar Amurka ta taƙaita sayen magungunan mura masu ɗauke da sinadarin sudo'efedrin, irin su Sudafed, domin da shi ake haɗa ƙwayar maye ta metamfetamin. Ba a sayar wa mutum fiye da giram 3.6 na sinadarin a rana, ko giram 9 cikin kwana 30, kuma wasu jihohi sun tsaurara fiye da haka.

Maganin yana ajiye a bayan kanta. Mai saye zai miƙa katin shaida mai hoto, a rubuta sunansa da adireshinsa da lokacin sayen, ya sa hannu, sannan a adana bayanin har shekara biyu. Saboda haka aka ja kunnen masu zagaya shaguna don kauce wa iyakar, domin jihohi da dama sun haɗa rajistar a kwamfuta, kuma wuce adadin laifi ne.

Inda aka fi daɗewa shi ne kan magidancin da mura ta kwantar da iyalinsa gaba ɗaya, tunda da sunan mai saye ake ƙirgawa. A ganina shawarar da ta fi nauyi ita ce ya nemi takardar likita, wadda iyakar tarayya ba ta shafa ba. An kuma tunatar da masu hawan jini su tambayi mai harhaɗa magunguna kafin su sha.